Darasi: Neman tauraruwar da ke aiko da hasken da ido ba ya gani

Manufar darasi

Bayan wannan darasi ɗalibi zai iya:

1. faɗin dalilin da ya sa wani haske da ke zuwa daga sama ba ya ganuwa ga ido;
2. lissafa shaidu uku da masana falaki ke nema kafin su ce ga tauraruwar da ta aiko da shi;
3. nuna taurarin Kunama da wurin da aka fara irin wannan bincike.

1. Saman da muka sani

Duk wanda ya taɓa kwana a gona ko a bakin rijiya tsakanin Tanut da Belbeji ya san sama da dare. Ƙasar Damargu shimfiɗe take, fitilu kaɗan ne, kuma daren da babu wata, babu hadari, babu ƙura, mai lafiyar ido yakan ga taurari 2,500 zuwa 3,000 a lokaci guda. A da, madugan ayarin da ke bi ta nan daga Kano da Damagaram zuwa Agadas da su suke gane hanya. Manomi ya san Kaza da Ƴaƴanta, Ba'abzine ya san Amanar, malamai kuma suna da lissafin masaukan wata 28. Wannan ilimi na lura da auna sama shi ne falaki. Ba duba ba ne, domin ba ya faɗin abin da zai sami mutum gobe. Abin da yake tambaya shi ne: mene ne wancan, ina yake, kuma yaya yake aiki?

2. Haske iri-iri ne

Abin da ido ke gani ɗan yanki ne na haske. Ƙasa da launin ja akwai igiyoyin da ke kawo mana rediyo da waya. Sama da launin shuɗi akwai masu ƙarfi. Ɗaya shi ne eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano shi a 1895. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ne gamma. Dukansu gudunsu ɗaya, kilomita 300,000 a sakan guda.

Zafin abu ne ke nuna irin hasken da zai fitar. Ƙarfe a maƙera yakan fara yin ja, ya koma ruwan ɗorawa, in an ci gaba da zuga ya yi fari. Fuskar rana tana da zafin digiri 5,500, shi ya sa mafi yawan haskenta ake ganinsa ko a ji ɗuminsa. Kafin abu ya riƙa zubo eksire da yawa, sai zafinsa ya kai miliyoyin digiri. Ke nan duk inda aka ji eksire ko gamma na kwararowa daga sama, akwai wani gagarumin abu a wurin.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare wannan haske kafin ya iso ƙasa, kuma rahama ce, domin yana cutar da jiki. Amma mai son auna shi dole ya kai na'urarsa sama da iska, da roka ko da tauraron ɗan'adam.

3. Abin da aka ji a 1962

A daren 18 ga Yuni 1962 aka harba wata ƙaramar roka daga White Sands, a hamadar kudancin ƙasar Amurka. Masana huɗu ne suka shirya aikin: Riccardo Giacconi, Herbert Gursky, Frank Paolini da Bruno Rossi. Eksire daga wata suke nema. Rokar ta yi ƴan mintoci sama da iska ta faɗo, sai ga shi na'urar ta ƙirga eksire mai yawa, amma ba daga wata ba. Daga wajen taurarin Kunama yake zuwa. Daga baya aka sa wa wannan tushe suna Sco X-1, wato tushen eksire na farko a Kunama. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba Giacconi lambar Nobel a 2002.

Na'urar ba ta ɗaukar hoto. Ƙirga kawai take yi, ta ce ya fi yawa ta wannan gefen. A nan matsalar take, kuma makiyayi zai fi kowa gane ta. A ce garkuna da yawa sun kwana a bakin rijiya ɗaya, cikin dare ya ji kukan saniya. Kunne ya gaya masa gefen da kukan ya fito, amma bai gaya masa wace saniya ba ce cikin ɗaruruwa. Sai ya matsa kusa, ya haska, ya duba launi da ƙaho, sannan ya tsaya har ya ga bakin da ke buɗewa daidai lokacin da kukan ke fita. Na'urar eksire kunne ce, madubin hangen nesa kuma ido ne. Gani ya kori ji, domin sai an ga abu da madubi ake iya auna nisansa, zafinsa, motsinsa da sinadaran da ke cikinsa.

4. Shaidu uku

*Shaida ta farko: wuri.* Na'ura takan ba da da'ira a sama, ta ce tushen yana ciki. Ana kiranta da'irar nema. Girman sama ana auna shi da digiri. Faɗin cikakken wata rabin digiri ne, dunƙulen hannu in an miƙa shi sosai kimanin digiri 10 ne. Sai an jera cikakken wata wajen 200,000 kafin a rufe sama duka. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Gaia ya lissafa taurari kusan miliyan 1,800. In aka raba, kowane wuri mai girman wata zai sami taurari kusan 9,000. To, ko da'irar nema ba ta wuce wata ɗaya ba, waɗanda ake zargi dubbai ne. Amma in aka rage faɗin da'irar sau 10, filinta yakan ragu sau 100, taurarin su koma 90. In aka sake ragewa sau 10, saura ɗaya. Saboda haka aikin farko kullum shi ne matse da'irar.

*Shaida ta biyu: siffa.* Cikin taurarin da suka rage, ana neman wadda ta bambanta. Abu mai tsananin zafi yakan yi shuɗi fiye da kima. Haka kuma in aka tsaga haskensa zuwa launuka, kamar yadda bakan gizo ke fitowa, akan ga wasu layuka masu haske da ke nuna akwai iskar gas mai zafi.

*Shaida ta uku: lokaci.* Ita ce mafi ƙarfi. In eksire yana ƙaruwa yana raguwa da wani ƙayyadadden lokaci, kuma aka ga hasken wata tauraruwa ko motsinta yana bin wannan lokacin daidai, to an kama mai shi.

5. Yadda aka gano ta Kunama

Shekara huɗu aka yi ana nema. A Kunama akwai jar tauraruwa mai haske, wadda malamai ke kira Ƙalbu, Turawa kuma Antares. Da haske ne shaida, da ita za a nuna. Amma da aka ci gaba da harba rokoki, sai da'irar ta tsaya arewa da ita.

Wani masani ɗan Japan, Minoru Oda, ya ƙirƙiro dabara. Ya jera siraran wayoyi hawa-hawa a gaban na'urar, ta yadda in roka na juyawa eksire zai riƙa ɓuya yana bayyana, kuma daga yadda yake ɓuya ake lissafa wurinsa. A watan Maris 1966 aka harba roka da wannan na'ura. Ta nuna cewa tushen ɗan ɗigo ne kamar tauraruwa, ta kuma ba da ƙananan wurare biyu da za a duba. A watan Yuni na wannan shekara masana a Okayama ta Japan suka juya madubinsu mai faɗin santimita 188 zuwa can, suka ga wata ƴar tauraruwa shuɗiya. Allan Sandage da abokan aikinsa suka tabbatar da babban madubin Palomar mai faɗin mita 5 a Amurka. Haskenta yana rawa cikin mintoci, kuma ta fi tauraruwa mafi dusashewa da ido ke iya gani dusashewa fiye da sau 200.

Da aka same ta, sauran bayani ya biyo baya. A 1967 Iosif Shklovsky na Tarayyar Sobiyet ya ce taurari biyu ne, ɗaya na zuƙar ɗaya. A 1975 aka duba tsofaffin hotunan sama na shekaru masu yawa da ke ajiye a jami'ar Harvard, aka ga haskenta na maimaita kansa duk awa 18.9, lokacin da suke ɗauka su kewaye juna. Ɗayar gawar tauraruwa ce da ta dunƙule, ana ce mata tauraruwar nutron. Faɗinta kilomita 20 ne ko sama da haka kaɗan, amma ta fi rana nauyi. Tana janyo gas daga abokiyarta, gas ɗin yana kewaya ta yana faɗawa, yana zafi har miliyoyin digiri. Ƙarfin eksiren da take fitarwa ya kai na dukan hasken rana sau 60,000. Nisanta tafiyar haske ce ta shekara 9,000.

6. Shaidar lokaci da shaidar haƙuri

A ƙahon taurarin Sa, gabas da Kaza da Ƴaƴanta, akwai wani gajimaren gas da ake kira Ƙaguwa. Ragowar tauraruwa ce da ta fashe, wadda mutanen Sin suka rubuta ganinta a 1054, har da rana tsaka, kwana 23. Wani likita ɗan Bagadaza, Ibn Butlan, shi ma ya ambace ta. Ranar 7 ga Yuli 1964 wata ya gitta ta gaban gajimaren, sai masanan rundunar ruwan Amurka suka harba roka daidai lokacin. Eksire ya riƙa raguwa sannu a hankali yayin da wata ke rufe wurin, aka tabbatar daga gajimaren yake fitowa. A 1968 aka ji bugun rediyo daga tsakiyarsa, sau 30 a sakan. A watan Janairu 1969 John Cocke, Michael Disney da Donald Taylor suka auna hasken wata ƙaramar tauraruwa a wurin, da madubin da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, suka ga tana ƙyaftawa sau 30 a sakan. Babu sauran gardama.

Afirka ma da ita aka yi. Ranar 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam Uhuru daga wani dandamali a teku kusa da Malindi ta Kenya, ya lissafa tushen eksire 339. Ɗaya daga cikin waɗanda ya matse wa da'ira shi ne Cygnus X-1. A 1971 na'urorin rediyo suka ƙara matse ta, ta faɗa kan wata babbar tauraruwa shuɗiya. Louise Webster da Paul Murdin a Ingila, da Tom Bolton a Kanada, suka ga tana kewaya wani abu mai nauyi da ba a gani, duk kwana 5.6. Wannan shi ne baƙin rami na farko da masana suka yarda da shi, wato wurin da nauyi ya taru har haske ba ya iya fita. Awon 2021 ya ba shi nauyin rana 21.

Geminga kuwa ta gwada haƙurin kowa. Tushen gamma ce da tauraron SAS-2 ya ji a farkon shekarun 1970, shi ma daga Kenya aka harba shi. Sai a 1983 masanan Italiya Giovanni Bignami da Patrizia Caraveo da abokin aikinsu suka sami eksire a cikin da'irar. A ƙaramar da'irar eksiren akwai taurari uku. An fara zargin wadda ta fi haske, bincike ya wanke ta. Kama da wane ba ta wane. Ta ukun, mafi dusashewa, ita ce mai shi. A 1992 aka ji eksire da gamma suna bugawa tare, kusan sau huɗu a sakan, a 1993 kuma aka ga ƴar tauraruwar tana gusawa a sama kamar yadda tauraruwar nutron ta kusa za ta yi. Shekara 20 ke nan ana abu ɗaya.

7. Walƙiyar da ba ta jira

Waɗancan duka suna nan a wurinsu, ana iya komawa a sake dubawa. Akwai wanda ba ya jira. Ranar 2 ga Yuli 1967 taurarin ɗan'adam na sojan Amurka masu suna Vela, waɗanda aikinsu sa ido kan gwajin bam na nukiliya, suka ji wata walƙiyar gamma ta ƴan sakan. Ba daga duniya ta fito ba. A 1973 aka bayyana labarin. Daga 1991 zuwa 2000 tauraron Compton ya ƙirga irinta fiye da 2,700, kusan ɗaya kowace rana, daga kowane gefe. Da'irorin suna da faɗin digiri da yawa, kuma kafin a juya madubi abin ya wuce. Shekara 30 masana suna jayayya: a kusa suke ko a nesa?

Ranar 28 ga Fabrairu 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya ji walƙiya daga taurarin Amanar, ya ba da da'irar da ta fi wata ƙanƙanta. Bayan awa 8 ya ga eksire yana dusashewa a wurin. Bayan kimanin awa 21 Jan van Paradijs da ɗalibansa suka ɗauki hoto da madubi mai faɗin mita 4.2 a tsibirin La Palma, yamma da gaɓar Maroko. Da suka sake ɗauka bayan mako guda da ƴan kwanaki, wani ɗigo da ke hoton farko ya dusashe. Shi ne. A watan Mayu na wannan shekara aka auna nisan wata walƙiyar, aka ga haskenta ya yi biliyoyin shekaru a hanya. Hoto biyu da awo ɗaya suka kashe jayayyar.

Tun daga 2004 tauraron Swift yana aiko da wurin walƙiya zuwa ƙasa cikin sakan kaɗan, madubai masu sarrafa kansu su juya nan take. Ta ranar 19 ga Maris 2008 ta yi hasken da ido zai iya gani na kusan rabin minti, bayan tafiyar shekara biliyan 7.5. Kyamarori a Chile ne suka ɗauke ta. A Damargu gari ya riga ya waye.

Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar sarari daga karon taurarin nutron biyu, bayan sakan 1.7 tauraron Fermi ya ji gamma. Wurin nema ya kai girman wata 150. Amma an san nisan, don haka masana suka bi tarin taurarin da ke wannan nisa ɗaya bayan ɗaya. Bayan awa 11 madubin Swope mai faɗin mita ɗaya a Chile ya ga sabon ɗigo a tarin taurari NGC 4993, tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Launukan haskensa sun nuna ana ƙera ƙarafa masu nauyi a wurin. Masana na ganin irin wannan karo yana cikin inda zinariya da yuraniyom suka samo asali, har da zinariyar da ake haƙa a Jado da yuraniyom na Arlit.

8. Rabon Afirka

Tunda hasken walƙiya cikin awoyi yake dusashewa, ɓangaren duniyar da dare ya yi masa shi ke da dama. Shi ya sa madubin da ke Afirka yake da daraja. A Sutherland ta Afirka ta Kudu akwai SALT mai faɗin kusan mita 10, wanda ya duba karon 2017. A Namibiya akwai H.E.S.S., na'urori biyar masu kama ɗan hasken da gamma ke haifarwa in ya bugi iska. A Kottamia ta Masar akwai madubi mai faɗin santimita 188, daidai da wanda ya gano tauraruwar Kunama. Wannan darasi ya nuna cewa madubin mita ɗaya ya sha yin babban aiki. Abin da ba a iya saye shi ne sama mai duhu, kuma Damargu tana da shi, ko da yake ƙurar hunturu da hadarin damina suna rage darare masu kyau. Sauran kuwa lissafi ne da lura, kuma a aji irin wannan ake fara su.

Taƙaitawa

Jin alama rabin aiki ne. Masani ba ya nuna tauraruwa don ta fi haske ko don ita ya fara gani. Yakan tambaya: tana cikin da'ira? Siffarta ta dace? Lokacinta ya zo daidai? In shaida ba ta cika ba, yakan jira, ko da shekara 20 ce.

Sababbin kalmomi

- Tushe: abin da haske ke fitowa daga gare shi.
- Da'irar nema: yankin sama da na'ura ta ce tushen yana ciki.
- Tafiyar haske ta shekara: nisan da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita biliyan 9,500.
- Tauraruwar nutron: dunƙulalliyar gawar babbar tauraruwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a iya auna eksiren taurari daga ƙasa?
2. Da'ira tana da taurari 40,000. In aka rage faɗinta sau 10, nawa za su rage? In aka sake fa?
3. Wace shaida ce ta tabbatar da tauraruwar Ƙaguwa a 1969?
4. Me labarin Geminga ya koya mana game da saurin yanke hukunci?
5. Don me ake gaggawa in an ji walƙiyar gamma?

Aiki

A watan Yuli ko Agusta, daren da sama ta washe bayan ruwa, ku fita bayan sallar isha'i ku fuskanci kudu. Ku nemi jar tauraruwa Ƙalbu, da taurari uku na Iklil a yamma da ita, da wutsiya mai lanƙwasa da ta ƙare a Shaula. Ku miƙa hannu ku auna dunƙule ɗaya daga Ƙalbu zuwa arewa. Nan Sco X-1 take. Ku zana abin da kuka gani, ku sa alama a wurin, ku rubuta rana da lokaci. Sannan ku tambayi dattawan garinku sunayen waɗannan taurari da Hausa, Tamashek, Fulatanci ko Barbarci, ku kawo aji a haɗa su a allo ɗaya.